Shin bashi zai kayar da T2, wato tsohon Etisalat? Tambayoyi da amsoshi

A wata rumfar gyaran waya a kasuwar Farm Centre da ke Kano na tarar gardama ta yi zafi tsakanin mai rumfar da wani dattijo mai sayar da kati da data. Saurayin yana riƙe da ƙarfen walda a hannu, ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Baba, kamfanin nan fa ya gama yawo, suna kawai suke canzawa." Dattijon ya mayar da carbinsa aljihu ya ce, "Ɗana, tun 2017 nake jin ana cewa gobe za a rufe shi. Ga shi har yau akwai masu zuwa in loda musu katinsa." Kowannensu yana da hujja. Na tattaro tambayoyin da aka fi yi a kan wannan batu, saboda akwai mutane da yawa da lambar 0809 ta wannan kamfani ce ke kan takardun bankinsu da allon shagonsu, kuma sun cancanci bayani, ba jita-jita ba.

Wai wane kamfani ne wannan mai suna uku?

A takarda sunansa ɗaya ne tun farko, Emerging Markets Telecommunication Services, ana taƙaita shi da EMTS. Kamfanin zuba jari na Mubadala daga Abu Dabi ne ya sayi lasisin a 2007 a kan dala miliyan 400, sannan Etisalat na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya shigo ya karɓi tafiyar da shi. An fara sayar da layi a Oktoban 2008. Ya zama 9mobile a Yulin 2017, ya koma T2 a Agustan 2025.

Canjin suna shi kaɗai ba alamar mutuwa ba ne. Layin da muke kira Airtel yau ya fara ne da Econet a 2001, ya zama Vmobile, ya zama Celtel, ya zama Zain, kafin ya tsaya a Airtel a 2010, kuma yanzu shi ne na biyu a ƙasar. Abin dubawa shi ne ko sabon suna ya zo da sabon kuɗi.

Ina bashin ya samo asali?

A 2013 kamfanin ya karɓi rancen dala biliyan 1.2 daga bankunan Najeriya 13, ciki har da Access da Zenith da GTBank da UBA da First Bank, don ya biya tsohon bashi ya kuma faɗaɗa sabis. Wani kaso na rancen da naira ne, wani kason da dala. A lokacin ba wanda ya ga aibu. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma babu kamfanin waya a duniya da ke kafa ƙarafunan sabis da kuɗin aljihunsa kaɗai. Kasuwar tana bunƙasa, matasa suna rububin layin saboda ingancin datarsa, dala kuwa tana wajen naira 160.

Sai farashin ɗanyen mai ya faɗi, dala ta yi wuya, tattalin arzikin ƙasa ya shiga mawuyacin hali a 2016. A Yunin shekarar Babban Banki ya saki farashin naira, dala ta tashi daga kusan 197 ta haura 300 a hukumance, a kasuwar bayan fage kuwa ta kai 500 a farkon 2017. A nan ne gizo ke saƙar. Kamfanin waya a Najeriya da naira yake samun kuɗinsa, daga katin ɗari da na ɗari biyu. Amma injina da na'urori da wani ɓangare na bashi duk da dala ake biya. Ka ɗauki ɗan kasuwar da ya ci bashin dala 100 lokacin da kuɗinta naira 16,000 ne, ranar biya ta zo sai an nemo sama da naira 30,000, alhali bai ƙara ko kwabo a farashin kayansa ba. Haka ta faru da Etisalat, sai dai da sifili masu yawa a baya. A farkon 2017 ya kasa biyan kason da ya zo kansa, bankuna suka taso.

An nemi iyayen kamfanin na Abu Dabi su zuba sabon jari. Ba a daidaita ba. Mubadala ya janye, Etisalat na Daular Larabawa ya miƙa hannun jarinsa ga amintaccen da ke wakiltar bankunan a Yunin 2017, ya kuma ce a daina amfani da sunansa. Shugaban hukumar gudanarwar, Hakeem Belo-Osagie, ya ajiye muƙaminsa.

To me ya hana bankunan rufe shi a sayar da kayansa tun lokacin?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci, don amsarta tana nan har gobe.

Da farko, Babban Banki da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, sun shiga tsakani. A Yulin 2017 aka kafa hukumar riƙon ƙwarya, mataimakin gwamnan Babban Banki Dokta Joseph Nnanna ya shugabance ta, Boye Olusanya ya riƙe gudanarwa. Babban Banki yana tsoron kada bankuna 13 su rubuta asara mai girma lokaci guda a tsakiyar matsin tattalin arziki. NCC kuwa ta tunatar da kowa cewa lasisin sadarwa ba kadara ba ce da mai bin bashi zai ɗauka ya miƙa wa wanda ya ga dama. Dokar Sadarwa ta 2003 ta ce sai da amincewar hukumar.

Na biyu, kuma shi ne na ainihi: kamfanin waya yana da daraja ne muddin yana aiki. Ka je gindin ƙarfen sabis ɗaya ka duba. Katanga ce ta waya, da janareta yana ruri, da tankin man gas, da ɗan ɗakin ƙarfe mai na'urori da batura, da mai gadi a kan benci yana sauraren rediyo. Idan aka kashe janaretan nan, abin da ya rage ƙarfe ne da tsofaffin akwatuna da ba za su yi kuɗin kirki a gwanjo ba. Ƙarin abin ma, yawancin ƙarafunan ba na kamfanin ba ne. Tun 2014 Etisalat ya sayar wa IHS, kamfanin da ke ba da hayar ƙarafunan sabis, ƙarafuna 2,136 ya koma yana biyan haya. Dukiyar gaskiya ita ce mutanen da ke loda kati kowace safiya, su kuwa ba a kulle su a sito. Ranar da sabis ya ɗauke, washegari sun sayi wani layi. Mai bin bashi mai hankali ya san saniyar tatsa ta fi masa amfani a raye, ko da ramammiya ce.

Ai an sayar da shi har sau biyu. Hakan bai share bashin ba?

An ɗora wa bankin Barclays Africa aikin neman mai saye. Kamfanin Teleology, wanda tsohon shugaban MTN Najeriya Adrian Wood ke cikin jagororinsa, shi ya yi nasara, kamfanin Smile ya zo na biyu. An miƙa kamfanin a Nuwamban 2018, Nasiru Ado Bayero ya zama shugaban hukumar gudanarwa. Ba a yi wata uku ba saɓani ya ɓarke tsakanin masu sayen, Adrian Wood ya fice a farkon 2019. Daga nan aka yi ta canjin shugabanni.

A Yulin 2024 LH Telecommunication ya karɓi kashi 95.5 cikin 100 na hannun jarin bisa alƙawarin zuba sabon jari, Thomas Etuh ya zama shugaban hukumar, Obafemi Banigbe ya zama babban jami'in gudanarwa.

Sayar da kamfani ba ya share bashi. Hannun jari ake saye, bashi kuwa yana wuyan kamfanin, sai dai a zauna da masu bi a yafe wani kaso, a tsawaita lokacin wani, ko a ci sabon rance a biya tsoho. Ban da bankuna ma, kamfanin waya yana da wasu masu bin sa: masu ƙarafunan haya, masu kawo na'urori, sauran kamfanonin waya da ake biya kuɗin sada kira, da hukuma mai karɓar kuɗin lasisi da na mitocin iska, wato hanyoyin da kira da data ke bi ta cikin iska.

Nawa ake bin sa yanzu?

EMTS ba ya cikin kasuwar hannun jari ta Legas, don haka doka ba ta tilasta masa buga lissafinsa duk wata uku yadda MTN Najeriya ke yi ba. Duk wanda ya yi maka rantsuwa a kan wani adadi a Facebook, ka tambaye shi takardar da ya gani.

MTN ma ai ya tafka asara. Me ya sa ba a cewa shi zai karye?

Gaskiya ne. Da aka sake sakin naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 har ta haura 1,500 a 2024. MTN Najeriya ya bayyana asarar naira biliyan 137 a 2023, da kusan biliyan 400 a 2024. Man gas ya yi tsada, hayar ƙarafuna ta ƙaru, farashin kira kuwa yana nan inda yake tun 2013, har sai da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025.

Bambancin yana cikin yawan masu biya. MTN yana da layuka sama da miliyan 80, Airtel sama da miliyan 50. Da farashi ya tashi sai kuɗi suka kwararo musu, MTN ya dawo cin riba a 2025. Shi kuwa tsohon Etisalat, wanda ya taɓa haura layuka miliyan 22 a wajen 2016, alƙaluman NCC sun nuna ya sauko zuwa kusan miliyan 3 bayan tankaɗe da rairayar haɗa layi da lambar NIN a Satumban 2024. Tankaɗen ya taɓa kowa, Glo ma ya rasa sama da rabin layukansa a lissafi, amma shi wannan ya rage da ƙasa da kashi 3 cikin 100 na kasuwar.

Janareta ba ya tambayar mutum nawa ne ke kira a ƙarƙashin ƙarfensa. Ko mutum dubu biyar ne ko ɗari biyu, man da zai sha ɗaya ne, haya ɗaya ce, albashin mai gadi ɗaya ne. Idan kuɗi suka yi ƙaranci sai a daina gyara, wasu ƙarafunan su mutu, sabis ya yi rauni, mutane su ƙaura, kuɗin shiga ya ƙara raguwa, a sake rage gyara. A ganina wannan zagayen ya fi bashin banki haɗari nesa ba kusa ba. Banki ana iya zama da shi a teburi a roƙi lamuni. Mai shagon da ya cire layinka ya jefa a aljihun tebur ba ya zuwa taro.

Me ake nufi da "karyewa" a doka?

Mutane suna haɗa abubuwa uku wuri guda. Akwai kasa biyan bashi a kan lokaci, wannan ya riga ya faru a 2017. Akwai a naɗa wani ya riƙe kamfani a madadin masu bin bashi, yana ci gaba da aiki ana neman mafita, kamar yadda AMCON, hukumar gwamnati mai karɓar basussukan banki da aka kasa biya, ta karɓi kamfanin jiragen sama na Arik a Fabrairun 2017 kuma jiragen suka ci gaba da tashi. Sai na uku, a rushe kamfanin gaba ɗaya, a sayar da kayansa a raba wa masu bi. Dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ta faɗaɗa hanyoyin tsakiya, yadda za a iya ba kamfani sarari ya daidaita da masu bin sa kafin a kai ga rushewa.

Wanda ya yi karatun fiƙihu ba baƙon abu ba ne a wurinsa. A babin taflisi, alƙali yana hana wanda bashi ya cinye dukiyarsa yin tasarrufi da ita, a raba wa masu bi gwargwadon haƙƙin kowa, mai ƙunci na gaskiya kuwa a saurara masa har ya samu sauƙi.

An taɓa ganin kamfanin waya ya mutu a Najeriya kuwa?

Ƙwarai. NITEL, tsohon kamfanin wayar gwamnati, da reshensa Mtel sun sha hannu: Pentascope ya riƙe a 2003, Transcorp ya saya a 2006, gwamnati ta soke cinikin a 2009, daga ƙarshe aka rushe shi ta hanyar kotu, NATCOM ya sayi kadarorin a kan dala miliyan 252, ya fito da ntel a 2016. Akwai kuma su Starcomms da Multi-Links da Zoom, waɗanda 'yan wayoyinsu masu arha suka cika gidaje da shagunan kira a wani zamani. Visafone kuwa MTN ya saye shi a 2016, mafi yawa don mitocinsa.

Ka lura da yadda suka tafi. Babu wanda aka wayi gari aka ga sanarwar rufe shi yana tsaka da cika da mutane. Sabis ne ya riƙa ɗaukewa unguwa bayan unguwa, kati ya ɓace daga hannun dillalai, ofisoshi suka rage, kafin takarda ta biyo baya ta tabbatar da abin da kowa ya riga ya sani.

A wasu ƙasashen fa?

A Amurka WorldCom ya nemi kariyar kotu a Yulin 2002 bayan badaƙalar lissafi, da bashin da ya kai wajen dala biliyan 41. Layukansa ba su daina aiki ba, ya fito da sunan MCI a 2004, Verizon ya saye shi a 2006. A Indiya an ga fuska biyu. Reliance Communications na Anil Ambani ya kasa jure gasar farashin da Jio ya kawo a 2016, ya rufe harkar kiran wayar salula a ƙarshen 2017, ya shiga shari'ar fatara a 2019. Vodafone Idea kuwa gwamnati ta mayar da kuɗin da take bin sa hannun jari, har ta mallaki kusan kashi 49 cikin 100 a 2025, don ba ta son kasuwa ta koma hannun kamfani biyu. A maƙwabciyarmu Nijar, Orange ya shiga rikicin haraji da gwamnati a 2018 har aka rufe ofisoshinsa na ɗan lokaci, a 2019 ya sayar wa Zamani Com, layukan mutane suka ci gaba da aiki da sabon suna.

Yarjejeniyar da ya yi da MTN ceto ce ko haɗiya?

A 2025 NCC ta amince da yarjejeniyar shekara uku da ta ba masu layin 9mobile damar hawa sabis ɗin MTN inda nasu bai kai ba. Shi ma MTN ya samu hayar wani ɓangare na mitocin kamfanin, abin da yake matuƙar buƙata saboda cunkoso.

Ni ina ganin wannan shi ne mataki mafi hankali da aka ɗauka tun 2017. Kamfanin da ba shi da kuɗin tayar da dubban ƙarafuna ya samu sabis a faɗin ƙasa ba tare da sayen janareta ko ɗaya ba, mitocin da ke zaune kuma sun zama abin kawo kuɗi. Amma wanda ya hau motar wani, direban ne ke da sitiyari. Duk kiran da aka yi da datar da aka sha a kan ƙarfen MTN sai an biya MTN, ribar da ta rage siririya ce. Kuma me zai sa mutum ya riƙe layin T2 idan sabis ɗin na MTN ne? Sai in ya fi arha, ko kulawarsa da abokan hulɗa ta fi. Shekara ukun nan lokaci ne aka saya. Idan aka yi amfani da shi aka gina sabis na kai a manyan birane irin su Legas da Abuja da Kano da Fatakwal, an ci riba. Idan aka zauna, kamfanin zai zama dillalin sabis ɗin wani mai riƙe da lasisin babba.

Gwamnati za ta zuba kuɗi ta cece shi?

A 2017 ma, lokacin da yake da layuka kusan miliyan 20 da dubban ma'aikata, sulhu hukumomi suka yi, ba kuɗin baitulmali suka zuba ba. Yanzu da ya ƙanƙance, dalilin tsoro ya ragu. Abin da NCC ke so shi ne kada masu gasa su ragu, don haka za ta sauƙaƙa haɗin gwiwa ko ciniki. Kuma haka ya dace. Kuɗin talakawa ba na biyan bashin 'yan kasuwa ba ne.

Malam, ka faɗa mana kai tsaye: zai karye ko ba zai karye ba?

Irin karyewar da saurayin Farm Centre yake hangowa, a kulle ƙofa da kwaɗo a kashe layuka rana ɗaya, ba na ganin ta. Babu wanda za ta amfana: ba masu bin bashi ba, ba sababbin masu kamfanin da suka shigo a 2024 ba, ba NCC ba, ba ma MTN da ke karɓar kuɗin haya ba. Lasisi da mitoci suna da daraja, kuma muddin suna da ita za a samu mai saye kafin a samu mai rushewa.

Amma dattijon ma kada ya saki jiki. Cewa ba a rufe ba tun 2017 ba ya nufin lafiya lau. Kamfanin da ya rasa fiye da kashi 80 cikin 100 na masu amfani da shi ya riga ya sha mafi yawan abin da karyewa ke jawowa, ko da kotu ba ta furta kalmar ba. Hanyoyin da ke gabansa uku ne: ya farfaɗo a matsayin ƙaramin kamfani mai arhar data, ko wani babba ya haɗiye shi, ko ya ci gaba da ramewa kamar su Starcomms. Ina fatan ta farko da zuciya ɗaya, domin mun ga yadda zuwansa a 2008 ya tilasta wa manya gyara farashi da sabis, kuma kasuwar da ta rage hannun mutum biyu ko uku mai saye ne ke shan wuyarta.

Idan abin ya faru, lambata ta tafi ke nan?

Lambobin waya na ƙasa ne, NCC ce ke raba su. Tun Afrilun 2013 ana iya ƙaura da lamba daga wani kamfani zuwa wani ba tare da ta canza ba: ka je ofishin kamfanin da kake son komawa da katin shaidarka da lambar NIN, bayanan rajistarka su dace. Ƙaurar tana buƙatar layin ya kasance a raye yana karɓar saƙo, saboda haka kada ka bar shi ya kwanta har a soke shi. Ragowar kati da data ba sa bin ka.

Ko wane layi kake riƙe da shi, ka duba lambar da ke kan BVN ɗinka da wadda alat da lambobin sirri na banki ke shigowa. Masu POS da masu karɓar oda ta WhatsApp su tanadi layi na biyu daga wani kamfani daban.

Kuɗina da ke 9PSB fa?

9PSB, bankin hada-hadar kuɗi ta waya mai alaƙa da 9mobile, banki ne mai lasisin Babban Banki, kamfani ne mai rajistar kansa, kuma ajiyar da ke cikinsa tana ƙarƙashin inshorar NDIC, hukumar da ke kare ajiyar mutane a bankuna, har zuwa iyakar da doka ta tsara. Kuɗin ajiyar mutane ba dukiyar kamfanin waya ba ce da masu bin bashi za su ɗiba.

Ni dillali ne. Wace alama zan riƙa dubawa?

Dillali da ɗan kwangila da ma'aikaci su ne a ƙarshen layi idan ana rabon kayan kamfanin da ya faɗi, bayan masu jingina sun ɗauki nasu, duk da cewa doka ta fifita albashin ma'aikata a kan sauran basussukan da ba su da jingina. Don haka kada ka tara kaya fiye da abin da za ka sayar a mako ɗaya ko biyu, kuma ka ajiye rasiɗin duk abin da ka biya.

NCC tana buga yawan layukan kowane kamfani da adadin masu ƙaura da lamba wata-wata a shafinta, kyauta. Ka duba wata shida a jere, ba wata ɗaya ba. Ka lura ko kwamishonka yana zuwa a kan lokaci, ko ana buɗe sababbin shagunan kamfanin a garinku ko ana rufe na da, sannan ka tambayi masu gadin ƙarafunan unguwarku ko motar man gas tana zuwa.